Ragowar Bacca

"Tsoma ki gani," in ji Inna. "Ga tukunyar nan a kan wuta, ba ɓoye ta na yi ba."

"Zan tsoma kuwa, Yaya. Ba sai na nemi izini a gidan ubana ba."

Gwaggo Masae ƙanwar mahaifina ce. Ranar Laraba da la'asar ta iso daga birnin Sendai, gari na wayewa ta kama aiki. Ta ɗauko ma'aunin gishirin da nas ɗin ƙaramar hukuma ta ba mu aro, ta tsoma bakinsa cikin miyar miso, ta tsimin waken soya. Ni ina tsaye a ƙofar kicin, riƙe da ƙaramin tiren da nake kai wa mamatan gidanmu abinci. Koriyar fitila ta kama, alamar gishirin bai yi yawa ba. Ja ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ta cire, ta goge da gefen rigarta, ta sake tsomawa. Koriya dai.

"Don kin san ina nan ne," ta ce.

Inna ta ɗauki ludayi tana juya miyar da ba ta bukatar juyi. Gwaggo ta ci gaba. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta ga ƙafafun Baba, mahaifinta, da idonta, kamar an hura su. Ta ce likita ba mahaukaci ba ne, in ya ce ana ba tsoho gishiri to ana ba shi, kuma hannu ɗaya ne ke girki a gidan nan. Sannan ta sassauta murya, abin da ya fi ihu muni.

"Ban ce da gangan ba, Yaya. Shekara tara ke nan da rasuwar mijinki kina ɗawainiya da iyayen da ba naki ba. Kowa yana gajiya."

Ludayin ya tsaya. Inna ta dubi agogo, ta ce za ta makara a kamfanin ɗinki. Ta cire rigar girki ta rataye a ƙusa, ta wuce ta gabana ba ta kalle ni ba. Ko shinkafarta ba ta ci ba.

Gwaggo ta juyo kaina. "Kai kuma Yuhei, dogo har rufi, ba ka da baki?"

Na ce shinkafar Bacca, kakata marigayiya, za ta huce. Na wuce.

Jicca, wato kakana, shekararsa tamanin da huɗu. A watan Satumba, ana tsakiyar yankan shinkafa, ya zauna a gefen gona ya kasa tashi. Likita ya ce zuciyar ta gaji, kamar tsohon famfo. Ya ce gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya fara taruwa a ƙafa, daga nan ya hau huhu, mutum ya nitse yana kwance a kan katifarsa. Ya yanke masa giram shida a yini. Ya ce a auna nauyinsa kullum da safe, in ya ƙaru da kilo uku a kawo shi, kada a jira ranar da aka ba mu. Sau biyu ana kwantar da shi kafin sanyi ya shigo. Da Inna ta tambaya me zai faru in aka yi na uku, likita ya rufe fayil ya ce mu yi ƙoƙari kada a yi.

Awon ni aka bar wa. Na gama sakandare a Maris ɗin bara, abokaina suka tafi Tokyo da Sendai, ni na tsaya ina raba kananzir gida-gida a motar gidan mai. Wanda ya tsaya, shi ake bar wa abubuwa. Kullum nakan riƙe gwiwar hannun Jicca ya hau sikeli, in rubuta lambar a jikin kalandar ƙungiyar manoma. Ya fito asibiti da kilo hamsin da biyu. Har sabuwar shekara lambar ba ta motsa ba. Daga tsakiyar Janairu ta fara hawa a hankali, kamar ƙanƙarar da ke taruwa a kan rufi. Safiyar faɗan nan hamsin da huɗu ne da ɗigo uku. In na danna ƙwaurinsa da yatsa, ramin yana nan har in gama rubutu.

Kuma tun Satumba ba wanda ya ci gishirin kirki a gidanmu. Inna ta ce ba za ta ci a gaban Baba abin da aka hana shi ba, don haka tukunya ɗaya ce. Lemon tsami, citta, ganyen ƙamshi, duk abin da nas ta rubuta mata ta gwada. Miyar dai kamar ruwan ɗauraye. Jicca yakan kurɓa ya ajiye, ya ce ko shanu ana ajiye musu gishiri su lasa. Ni ina da mafita, nakan ci taliya a kanti da rana. Inna ba ta da ita. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa da kansa.

Bacca, kakata, ta bi dokar a kan tebur, amma da Nuwamba ta zo ba ta fasa abin da ta saba ba. Ta ciro daikon ɗinta, wata saiwa mai kama da karas, daga lambu, farare dogaye kamar damtse, ta ɗaure su da igiya, ta rataye a ɗakin hayaki kwana huɗu a kan itacen tuffa, har suka yi launin tsohuwar fata. Ta jera su a gangar katako da ke sito, dusar shinkafa da gishiri a kan kowane layi, gishirin da tafin hannu take aunawa. Inna ta tambaye ta wa zai ci gakko, wato wannan tsimin daikon, bana. Ta ce ganga ba ta san likita ba. Tare muka ɗora dutsen a kan murfi. Ni na ɗauka, ita ta ce in karkata shi hagu.

Wata biyu gakko ke yi kafin ya nuna. Ba ta kai ba. Saura mako guda shekara ta ƙare, ta sunkuya za ta sa takalmi, jijiya ta fashe mata a ka. Haka uwarta ta tafi, haka rabin tsofaffin kwarin nan suke tafiya. Zuwan Gwaggo ma na addu'ar kwana arba'in da tara ne, wadda za a yi ranar Lahadi.

Da gangar ta nuna, Inna ta ce a rabar wa maƙwabta. Jicca ya ce to, amma a fara ba mai ita. Ta sha hayaki kwana huɗu, ya ce, ko yanka ɗaya ba ta ɗanɗana ba. Wa zai ce a'a? Daga ranar, bayan shinkafa da shayin da nake ajiyewa a kabad ɗin mamatan gida, gaban hotonta, kowace safiya, na ƙara yanka uku na gakko a ɗan farantinta mai zanen shuɗin kifi. Bayan kwana biyu ya ce a riƙa gasa mata ɗan kifin gishirinta ma, irin wanda gishiri ke fitowa fari a bayansa in ya ji wuta. Maganar maƙwabta ta bi iska.

Abin da aka sauke daga gaban mamaci ba a zubar da shi, kowa ya san haka. Wani a gida ne ke ci. Inna tana fita bakwai da rabi, ni takwas saura, ita ta dawo da azahar, ni sai yamma. Duk sanda na dawo, ɗan farantin yana kife a kwando, a wanke. Na san wa ke ci. Na ce a raina, matar nan wata biyar tana shan ruwan ɗauraye, in ta dawo aiki ta tsaya ita kaɗai a kicin ta ci yanka uku, wa ta yi wa laifi? Ban taɓa tambayarta ba, don kada ta ji kunya. Da Jicca ya leƙa tiren wata safiya ya ce, "Kai ɗan banza, rowa kake wa kakarka?" har daɗi na ji. Na mai da shi biyar. Daga baya bakwai, masu kauri.

Safiyar Alhamis ɗin nan na ajiye tiren, na kunna turare, na kaɗa ƙararrawa. Kafin in miƙe Gwaggo ta shiga ɗakin Jicca tana bincike. Ta ɗaga katifa, ta zazzage aljihun riguna, ta buɗe gwangwanin da yake ajiye ƙusoshi. Alewa biyu ta samu da tsohon tabarau. Jicca yana zaune kusa da murhu yana kallonta.

"Duba cikin kunnena ma, 'yar sanda," ya ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki jakarta ta ce za ta haikali ta ga malami kan tsarin Lahadi. Ni ma na fita.

Wajen tara da rabi, ina riƙe da bakin tiyo a gidan mutane, yatsuna suka daina ji. Na bar safar hannuna a kan murhu. Gidanmu ba nisa, na karkata motar. Na shiga ta ƙofar baya, na cire takalmi. Gidan shiru, sai wani sauti daga ɗakin kabad. Ƙaras. Shiru. Ƙaras. Duk ɗan kwarin nan ya san wannan sautin tun kafin ya iya magana.

Yana zaune a gaban kabad, ƙafafunsa a miƙe don sun daina lanƙwasuwa. Farantin mai shuɗin kifi yana kan cinyarsa, a hannunsa gajerun jajayen tsinkayen da Bacca ke cin abinci da su. Idonsa a lumshe. Kifin babu shi. Gakko saura yanka biyu.

"Jicca."

Bai firgita ba. Ya gama taunawa, ya haɗiye.

"Rufe ƙofar, kana shigo mata da sanyi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka buɗe gangar. Kai wa kake zato yana wanke farantin, ɓera?"

Na ce masa likita ya ce giram shida, abin da ke farantin nan kaɗai ya kusa haka. Ya ce likita yaro ne, ba a gaya masa komai ba a gidansu. Abin da aka sauke daga gaban mamaci ba sauran gishiri a cikinsa, mamacin ya riga ya shanye ɗanɗanon, haka uwarsa ta gaya masa. Na ce in babu ɗanɗano me ya sa yake lumshe ido. Ya yi dariya. Dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Daga inda nake tsaye ina jin wani abu yana ɓulɓula a ƙirjinsa.

Da ya samu numfashi ya dubi hotonta, ba ni ba.

"Shekara hamsin da takwas matar nan tana cin ragowata. In ci, in tashi, ita ta tsaya a bakin murhu ta ci kan kifi da ƙanzo. Ko sau ɗaya ban ce mata zo mu ci ba. Ba a yin haka a lokacinmu." Ya ɗauki yanka ɗaya da tsinkayen. "Yanzu ita ke fara ci. Saura guda nawa a gangar?"

"Goma sha ɗaya."

"Haka na lissafa."

Na gaya masa abin da Gwaggo ta ce wa Inna a kicin, kalma ba ƙari ba ragi. Ya ce ya ji, bangon gidan nan takarda ne. Ya ce Kikuyo, wato Inna, ta fi masa 'yar da ya haifa, ba sai an gaya masa ba, amma Masae za ta koma ranar Litinin, bakinta zai tafi da ita. In kuwa na yi magana, kafin rana ta faɗi sun juye gangar a bola. Aikin hannunta na ƙarshe ke nan, ya ce, bayan shi babu wani. Ya ce in yi masa alkawari.

Ban yi ba. Ban kuma ƙi ba. Ya ci yankan ƙarshe a gabana, a hankali, ya miƙo mini hannu in tashe shi. Na tashe shi. Na ɗauki safar hannuna na koma aiki.

Da yamma muna cin abinci Gwaggo ta ce ta yanke shawara. Bayan addu'a za ta tafi da Baba Sendai, akwai gidan tsofaffi kusa da ita inda ake auna wa kowa abincinsa a sikeli. Ta faɗi haka ne tana kallon kwanonta. Inna ta ce duk yadda ta ga ya dace. Jicca ya dube ni ta saman kwanon miya. Kalma huɗu ko biyar ce za ta wanke uwata, suna nan a bakina, na haɗa su da shinkafa na haɗiye.

A maimakon magana sai na yi dabara. A takardar da nas ta liƙa mana a jikin firij akwai inda aka ce in an jiƙa abin gishiri a ruwa, gishirin yana fita. Bayan cin abinci na je sito na yanka bakwai, na zuba a kwano, na cika da ruwa, na ɓoye a bayan buhunan taki. Kafin in kwanta na canza ruwan, da asuba na sake canzawa. Kifin kuma na tafasa shi sau biyu kafin in gasa. Na ga kaina mai wayo. Jicca zai ci ragowarsa, gishiri zai ragu, lambar kalanda za ta sauka, Gwaggo ta rasa abin faɗa, ba wanda ya tona asirin wani.

Ranar Juma'a sikeli ya nuna hamsin da huɗu da ɗigo bakwai. Saura ɗigo uku. Na rubuta, na ɗauki tire. Yankunan sun kumbura, sun yi fari-fari kamar yatsun wanda ya daɗe a wanka. Na biyo ta gaban Jicca. Ya dubi farantin, ya dube ni.

"Ka yi mata wanki," ya ce.

Na wuce da tiren. Inna ta riga ta fita. Gwaggo tana gida ranar, ta ce za ta share babban ɗaki saboda baƙi, na ce a raina ai akwai mutum a gidan.

Gida huɗu na zuba wa kananzir. A na biyar na kasa tuna ko lita nawa matar ta ce. Na ce mata ina zuwa. Ƙarfe goma da 'yan mintoci na tsaya a bakin hanyarmu, tun daga cikin mota na hango sawu. An yi sabuwar ƙanƙara da safen, ban samu na kwashe ta bayan gida ba. Sawun ya tashi daga ƙofar baya ya nufi sito, taku kusa da kusa, ana jan ƙafa. Na tafiya ne kawai, babu na dawowa. Daga cikin gida injin shara yana ta gurnani.

Ƙofar sito a buɗe. Dutsen yana ƙasa. Kilo ashirin ne dutsen nan, ni kaina sai na gyara tsayuwa nake ɗaga shi. Ban san yadda ya yi ba, har yau ban sani ba. Yana zaune a ƙasa ya jingina da gangar, dusa har gwiwar hannunsa, gakko guda cur a damƙe a hannun. A ƙafarsa takalman roba na mahaifina ne, waɗanda shekara tara ba wanda ya sa, don nasa sun daina shigarsa. Leɓensa ya yi launin toka. Kumfa mai ja-ja tana fitowa ta gefen bakinsa, numfashin kamar tukunya na tafasa.

Na goya shi. Kullum ina rubuta nauyinsa, ban taɓa ɗauka ba sai ranar. Gwaggo ta kashe injin da ta ga mun shigo, ta tsaya da igiyar wuta a hannu tana kiran Baba, Baba. Ni na buga waya. Motar asibiti ta yi minti ashirin da biyar saboda hanya. Duk tsawon lokacin ina riƙe da shi a zaune, don in ya kwanta numfashin yankewa yake. Bai saki gakkon ba sai da mutanen motar suka ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta same mu a barandar asibiti da rigar aiki a jikinta. Likita ya fito ya ce ruwa ya cika huhu, suna janyewa, amma zuciyar ta yi ƙasa sosai fiye da na baya. Ya ce a sanar da duk wanda ya kamata a sanar. Da ya tafi, Gwaggo ta ce ita abin da ba ta gane ba shi ne me ya kai mutum mai ciwon zuciya sito cikin wannan sanyi.

Na faɗa musu. Farantin, yanka uku da suka zama bakwai, kifin, abin da na gani ranar Alhamis, ruwan da na jiƙa. Ban bar komai ba. Ina magana ina kallon layin da ke tsakanin tayil biyu.

Inna ta ɗago ta dube ni.

"Na ɗauka kai ke ci," ta ce.

Ta ce tana ganin yankan suna ƙaruwa. Ta ce a ranta, yaro yana wuni a cikin ƙanƙara da ruwan ɗauraye a ciki, in ya tsaya ya ci kafin ya fita, ai ragowar kakarsa ce. Shi ya sa ma ta koma sayen kifin mai kauri. Ba ta tambaye ni ba don kada in ji kunya.

"Ni ma na ɗauka ke ce," na ce.

Gwaggo ta zauna a kan benci kamar an yanke mata igiya. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, ita ma ta ga farantin safiya biyu. Ta ce abu ɗaya ke nan da ya yi mata daɗi a gidan, ganin ana kula da uwarta. Ba ta ba Inna haƙuri ba. Ta dai miƙa hannu ta cire wani farin zare da ya maƙale a hannun rigar Inna, ta riƙe shi, ta rasa inda za ta yar.

Maganar cewa na sani tun Alhamis kuwa, Inna ba ta ɗaga ta ba, ranar ko bayanta. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi aka yi addu'ar ba Jicca. Da safe na tsaya a kicin da tire ban san abin da zan ɗora ba. Inna ta ce in je sito in yanko mata nata yadda aka saba, yau ce ranarta ta ƙarshe a hanyar lahira, ba za a sallame ta da wanki ba. Na yanko bakwai. Malami ya zo ya yi karatunsa, maƙwabta suka zauna a jere da baƙaƙen kaya, kowa yana tambayar jikin Tomezo, wato Jicca, kowa ana ce masa da sauƙi. Aka ci abinci. Wata tsohuwa, ƙawar Bacca, ta ce ta yi zaton za a fito da gakkon marigayiya, na bana ai ya nuna. Gwaggo ta tashi ta ce bari ta ƙaro shayi.

Da kowa ya watse, farantin yana nan a gaban hoto. Shinkafar da shayin Inna ta sauke. Farantin ta bari. Gwaggo ta shiga ɗakin sau biyu ta fito hannu wofi. Ni na sauke shi, na tsaya da shi a kicin tsakanin bakina da kwandon shara, ba inda hannuna ya iya zuwa. Na naɗe yankan a takarda na cusa a aljihun rigar sanyi, na ce zan yi tunani daga baya. Na wanke farantin na kife.

Ƙarfe uku muka isa asibiti, mu uku. An cire masa abin rufe fuska, an bar siririn tiyo a hanci. Ƙafafun sun saɓe, fatar ta yi yaushi kamar an ara masa. Likita ya ce mana a ƙofa zai iya zama mako guda, zai iya kaiwa narkewar ƙanƙara, ya danganta da abin da aka ɗora wa zuciyar. Nas kuma ta ce kwana biyu ke nan bai taɓa abinci ba, mu lallashe shi, in bai ci ba maganin ba zai yi aiki ba. Kunun shinkafar rana yana kan tebur, ya yi fata a sama, cokali a bushe.

Gwaggo ta ba shi labarin addu'a, waɗanda suka zo da waɗanda suka aiko. Inna ta ɗebo kunun ta kai bakinsa. Ya kau da kai. Ta sake, ta ce ko cokali ɗaya, Baba. Ya ce mata ta huta, ta yi iya yinta, ya sani.

Ɗakin da ɗumi sosai. Ban cire rigar sanyina ba. A hankali ƙamshin ya fara fita, hayaƙin itacen tuffa da dusa, ya danne warin magani. Inna ce ta fara ji, na ga bayanta ya ƙame. Sannan Gwaggo ta yi shiru a tsakiyar sunan wani. Hancin Jicca ya motsa. Ya buɗe ido ya neme ni.

"An kai mata?"

"An kai."

"Nawa?"

"Bakwai."

"Ka wanke?"

"A'a."

Ya lumshe ido, ya ɗan gyaɗa kai a kan matashi. Na ɗauka barci zai yi. Sai hannunsa ya fito daga ƙarƙashin bargo, da allurar ƙarin ruwa a bayansa, ya juya tafin sama. Akwai sauran dusa a ƙarƙashin farcensa, ba su iya wanke ta ba.

Na dubi Inna. Tana kallon zobenta, cokalin kunu har yanzu a ɗaya hannun. Na dubi Gwaggo. Ta juya wa ɗakin baya tana kallon ƙanƙarar da ke sauka a kan motocin waje. Hannuna yana cikin aljihu, takardar ta jiƙe, ta yi ɗumi.

"To, ɗan banza," in ji Jicca, muryar da ƙyar take fita. "Za ka ba ni ne, ko zubarwa za ka yi?"